Mai Mabuɗin Ruwa

Kawu Gambo ya shekara talatin
yana buɗe ƙofar ruwa a Gezira,
ya rufe ta in la'asar ta yi sanyi.
Ba shi da gona, ba shi da kogi,
ɗan mabuɗin ƙarfe kawai a aljihu,
amma gonaki arba'in kan kwana da ƙishi
in bai juya hannunsa ba.

Da tabon ya fito a tafin ƙafarsa
ya ce ƙaya ce, ko kaushi,
ko kwalta ya taka a hanyar Sinnar.
Baƙi ne, kamar ƙwayar gahawa da ta ƙone.
Wa ke leƙa tafin ƙafar talaka?
Damina biyu yana tafiya a kansa.

Sai kaluluwa ta taso.

Ni na kai shi Wad Madani,
inda nake aiki a ɗakin ƙarshen baranda,
mai firji uku da taga guda.
Bayan an yanka, an ɗinke, ya kira ni:
"Ke 'yar Asabe, ƙafa ce ta yi laifi.
Wa ya nuna wa ciwon hanyar cinya?"

Na ja kujera.
Na ce, Kawu, kowace ƙwayar jikinka
tana da kundi a kulle,
daga ciki ake kwafo saƙo a aika maƙera.
Akwai kuma wasu 'yan guntaye,
ƙananan RNA muke ce musu,
harafi ashirin da 'yan kai, iyakarsu ke nan.
Ba sa gini, ba sa ƙira.
Su dai su tare saƙo a hanya,
su ce masa: kai, dakata.

Ya yi dariya har ɗinkin ya motsa.
"Ashe masu gadi ne. Irina."

Irinka, Kawu. To wasunsu sun ɓace,
ƙofar da ya kamata a rufe ta kwana a buɗe.
Wasu kuma sun yi yawa,
sun datse ruwan da ke riƙe zumunci,
har ƙwaya ta saki hannun maƙwabciyarta,
ta sulale cikin jijiya
kamar tarwaɗa a magudana.

Sauran na so in haɗiye, ya ce faɗi.
Na ce akan ƙunshe su a ɗan ƙullin da ido ba ya gani,
a jefa cikin jini su riga ciwon isa,
yadda kakanninmu, a hanyar Makka,
kan tura yaro gaba ya nemo masauki.
Su je huhu, su je hanta,
su ce a yi shara, baƙi na tafe.

Ya daɗe yana kallon fankar da ba ta juyawa.
"Baƙon da ya aiko a share masa ɗaki," ya ce,
"ba kwana uku zai yi ba."
Can kuma: "Ba a mayar wa mai gadi mabuɗinsa?"

Na ce muna ƙirga su a ɗigon jini,
muna koyon sunayensu ɗaya ɗaya.
A cikin faranti, wani lokaci, ƙofar kan rufu.
Ban ce masa bana ba.
Ban ce masa baɗi ba.

Yanzu Ubale ke riƙe da mabuɗin.
Kawu na zama bakin magudana da sandarsa,
rigarsa ta yi masa yawa,
duk manomin da ya fito daga laka
sai ya tsai da shi:
"Wanke ƙafar nan. Ɗaga in gani."
Yara sun sa masa suna Likitan Dunduniya.
Ya riga ya turo mini mutum biyu.
Ɗaya ƙaya ce.